Cinikin Biri A Sama: Katunan Magic Da Hukuncin Fakitin Da Ba A San Cikinsa Ba

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya buɗe wa bayinSa ƙofar ciniki, Ya rufe musu ƙofar cin dukiyar juna da ɓarna. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a watan Yunin 2023 wani kamfani a Amurka ya buga kati guda ɗaya tilo, ya rubuta masa lamba 001/001 don a san ba shi da na biyu a duniya, ya saka shi cikin ɗaya daga miliyoyin fakitocin da aka liƙe bakinsu, sannan ya rarraba su zuwa shaguna. Kamfanin da kansa ya sanar cewa damar dacewa da katin ba ta kai ɗaya cikin miliyan 3 ba. Duk da haka mutane suka yi ta saye suna yagewa, har wani shago ya yi shelar zai ba duk wanda ya same shi dala miliyan 1. Kafin watan ya ƙare aka dace da katin a Kanada, daga baya mawaƙin nan na Amurka, Post Malone, ya saye shi a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai dala miliyan 2. Sauran masu farautarsa kuwa, kowa ya koma gida da katunan da ba su ya je nema ba.

Sunan wasan da wannan kati ya fito daga cikinsa Magic: The Gathering, kuma shi ne kakan duk wasannin katin da ake tarawa ana musaya a yau. Idan aka kawo wa malami irin waɗannan katuna, abin da idonsa ke fara sauka a kai shi ne hotunan: aljanu da dodanni da matsafa. Wannan abin dubawa ne, kuma za mu zo kansa. Amma muna ganin mas'alar da ta fi nauyi tana cikin yadda ake sayar da katunan. Bahaushe ya ce ba a cinikin biri a sama, ga shi kuwa an gina kasuwa ta biliyoyin daloli a kan birin da aka hau da shi bishiya da gangan.

Asalin wasan

Wani masanin lissafi mai suna Richard Garfield ne ya ƙirƙiro wasan, kamfanin Wizards of the Coast da ke jihar Washington ya fitar da shi a watan Agustan 1993. Bugun farko, wanda ake kira Alpha, yana da katuna iri 295. A 1999 babban kamfanin kayan wasan yara na Hasbro ya saye Wizards a kan kimanin dala miliyan 325, kuma a 2022 kuɗin da Magic kaɗai ya shigo da shi ya haura dala biliyan 1 a shekara guda.

Yadda ake buga shi a taƙaice: kowane ɗan wasa yana zuwa da nasa damin katuna, aƙalla 60 a tsarin da aka fi sani, yana kuma farawa da maki 20 da ke matsayin ransa. Wasu katunan mayaƙa ne, wasu kuma suna ƙara ƙarfi ko suna rage shi, kuma wanda ya ƙarar da makin abokin karawarsa shi ya ci. Bambancinsa da kartar da muka sani a nan yake. Karta 52 ce a ko'ina, duk wanda ya sayi fakiti ɗaya ya mallaki wasan gaba ɗaya. A Magic babu wanda ke sayen wasan gaba ɗaya. Mutum yana haɗa daminsa ne daga abin da ya mallaka, kuma tun ranar farko katunan suna zuwa ne a cakuɗe cikin fakiti rufaffe, wasu da yawa a kasuwa, wasu kaɗan ƙwarai.

Akwai wata ƙa'ida a dokokin farko da ya kamata mai karatu ya riƙe. Kafin a fara wasa, kowa yakan zaro kati ɗaya daga daminsa ba tare da zaɓi ba ya ajiye a gefe, wanda ya ci ya kwashe duka. Wannan caca ce wadda ba ta buƙatar dogon bincike, kuma tsoron dokokin caca ya sa kamfanin ya janye daga gare ta. Kati na ƙarshe da ya dogara da wannan ƙa'ida ya fito ne a 1995, kuma an haramta duk irinsa a gasannin da kamfanin ke kula da su.

Zubi bayan zubi

Wasan da ake haɗa dami daga katuna 295 kawai zai gundure masu shi cikin shekara ɗaya ko biyu. Maganin da kamfanin ya samo shi ne fitar da sabon zubi lokaci bayan lokaci, kowanne da sunansa da labarinsa da sababbin katunansa, kuma ana iya haɗa su da tsofaffin. Zubin ƙari na farko ya fito a watan Disamban 1993 da sunan Arabian Nights, katuna iri 78, guda 8 a kowane fakiti. An ɗebo shi ne daga tatsuniyoyin Dare Dubu Da Ɗaya da Hausawa suka daɗe da sani, shi ya sa a cikinsa ake samun Ali Baba da Aladdin da Sindbad da Shahrazad, da kasuwar Bagadaza, da ɗakin littattafan Iskandariya, da aljanu da ifritai iri-iri.

A 1994 kaɗai aka ƙara zubi huɗu: Antiquities da Legends da The Dark da Fallen Empires. Daga nan kamfanin ya fi karkata ga ƙirƙirar duniyoyi na ƙage, amma yana aro musu tufafi daga al'adun mutane na gaske. Mirage na 1996 ya aro daga Afirka, Kamigawa na 2004 daga Japan, Theros na 2013 daga tsohuwar Girka, Kaladesh na 2016 daga Indiya, Amonkhet na 2017 daga Masar ta Fir'aunoni. A 'yan shekarun nan kuma ya shiga haɗin gwiwa da masu finafinai da littattafai da wasannin bidiyo. Katin nan tilo da muka fara da shi zobe ne daga labarin The Lord of the Rings. Zubin Final Fantasy na watan Yunin 2025 kuwa, shugaban Hasbro ya shaida wa masu hannun jari cewa ya kawo dala miliyan 200 a rana guda. Yau nau'o'in katunan sun haura 25,000.

Abin da ke hana wannan injin tsayawa shi ne dokar juyi. A tsarin gasar da ake kira Standard, zubin 'yan shekarun baya-bayan nan kaɗai ake yarda a yi wasa da shi, kuma tun 2023 wa'adin ya zama kimanin shekara uku. Idan wa'adi ya cika, damin da mutum ya kashe wa kuɗi ya fita daga wannan gasa, sai ya sake sayen sabo. A da ana fitar da manyan zubi uku zuwa huɗu a shekara, a 2025 sun kai shida.

Kayan da ke kan kanta

Wanda ya ce zai yanke wa “katunan Magic” hukunci guda a dunƙule bai shiga shagon ba, domin kayan da ke ciki ba iri ɗaya ba ne. Za mu iya kasa su gida uku.

Na farko, kayan da aka san cikinsu. Akwai dammai shiryayyu, irin na tsarin Commander da aka fara sayarwa a 2011, kowanne katuna 100, kuma ana wallafa jerin sunayensu tun kafin su shiga kasuwa. Akwai Secret Lair da aka fara a ƙarshen 2019, inda ake nuna wa mai saye 'yan katunan da zai samu da hotunansu, ya biya a aiko masa. Akwai kuma sayen kati ɗaiɗai a hannun 'yan kasuwa, mutum ya ga abin da yake so ya yi ciniki ya biya.

Na biyu, fakitin yau da kullum. Shekara da shekaru yana ɗauke da katuna 15, tun farkon 2024 kuma aka koma wanda ake kira Play Booster mai katuna 14 na wasa. Mafi yawansu gama-gari ne, kaɗan matsakaita, sai aƙalla ɗaya mai wuyar samu. A 1999 aka shigo da katuna masu ƙyalli, a 2008 kuma aka ƙara wani mataki sama da mai wuyar samu, wanda a lokacin yake fitowa kusan sau ɗaya a fakiti takwas.

Na uku, fakitin masu tarawa, Collector Booster, wanda ya bayyana a 2019. Farashinsa ya ninka na fakitin yau da kullum sau da yawa, kuma ba don a zauna a buga wasa da shi aka tsara shi ba. A cikinsa ake ɓoye katuna masu zane na musamman da masu lamba, kuma a cikin irinsa aka ɓoye zoben nan. Ƙololuwar wannan hanya ita ce kayan bikin cika shekara 30 da aka fitar a ƙarshen 2022: fakiti huɗu a kan dala 999, cikinsu sake bugun tsofaffin katuna ne a cakuɗe, waɗanda ma ba a yarda a shiga gasa da su ba.

Inda darajar take

Mai kare wannan ciniki yakan ce: ai kowane fakiti katuna 14 ne, takarda ɗaya tawada ɗaya, babu wanda aka ba fanko. Tarihin kamfanin shi ke amsa masa. A 1995 ya fitar da Chronicles, inda ya sake buga katuna daga zubin farko-farko, sai farashin tsofaffin ya faɗi, masu tarawa da masu shaguna suka fusata. A 1996 kamfanin ya fitar da jerin katunan da ya yi alƙawarin ba zai ƙara buga su ba, don darajarsu ta tsaya. A cikin jerin akwai kasuwar Bagadaza da ɗakin littattafan Iskandariya na Arabian Nights, da kuma Black Lotus, katin da ya fi kowanne suna. An sayar da wani Black Lotus na bugun Alpha a kan dala 511,100 a farkon 2021, wani kuma a kan dala miliyan 3 a 2024.

Kamfanin da ya ɗauki alƙawari don kare farashin katuna a kasuwar 'yan hannu ya san sarai cewa katunansa ba daraja ɗaya suke ba. Shi ke yanke wanda zai yi yawa da wanda zai yi ƙaranci, shi ke cakuɗa su, shi ke liƙe bakin fakitin. Rashin sanin da ke cikin cinikin ba daga yanayin kayan ya taso ba, kamar yadda ba a iya ganin cikin kankana sai an fasa. Ƙera shi aka yi a masana'anta, kuma shi ne ke sa mutum ya sayi fakiti na goma bayan tara sun ba shi kunya.

Ma'aunin malamai

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya hana cinikin jifa da tsakuwa, ya kuma hana cinikin garari. Ɗaya daga siffofin da malamai suka fassara cinikin tsakuwa da shi ita ce mai kaya ya ce wa mai saye ya jefa tsakuwa, duk tufar da ta faɗa a kai ta zama tasa a kan farashin da aka yanke. A lura da kyau: mai jifan nan ba ya tashi hannu banza, dole ya samu wata tufa. Abin da bai sani ba shi ne wacce, kuma wannan kaɗai ya isa aka hana. Imamu Nawawi ya ƙirga hanin garari cikin manyan tushen da babin ciniki ya ginu a kansu. Ɗalibanmu da suka karanta Risalar Ibnu Abi Zaid sun san misalansa: kifin da ke cikin ruwa, da ɗan da ke cikin cikin uwarsa.

Sai dai ba kowane rashin sani ke ɓata ciniki ba, in ba haka ba da kasuwa ta tsaya. Imamul Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 684 bayan Hijira, ya kasa garari gida uku a littafinsa Alfuruƙ: mai yawa wanda aka haɗu a kan hana shi, kamar tsuntsu a sama, ɗan kaɗan wanda aka haɗu a kan yafe shi, kamar harsashin gida da ke binne a ƙasa, da matsakaici wanda aka yi saɓani a kansa. Shehu Halil kuma a Muhtasar ya ɗaure yafewar da sharuɗɗa uku: gararin ya zama ƙanƙani, buƙata ce ta jawo shi, kuma ba shi ne abin nufi ba.

Mu ɗora fakitin a kan wannan sikeli. Ƙanƙani ne? Fakiti biyu masu farashi ɗaya, ɗaya ya fito da katunan da ba su kai kuɗin da aka biya ba, ɗaya ya fito da wanda ya ninka kuɗin sau goma ko ɗari, wannan tazara ba ƙarama ba ce. Buƙata ce ta jawo shi? Kamfanin da kansa yana sayar da dammai da aka san cikinsu, kuma akwai wasu kamfanoni, irin su Fantasy Flight Games, da suka gina wasannin katinsu a kan fakitin da kowa ya san abin da ke ciki. Ashe ana iya yi ba tare da rufewa ba. Ba shi ne abin nufi ba? Duk wanda ya ga yadda ake ɗaukar bidiyon yage fakiti ana sakawa a YouTube, dubban mutane suna kallo suna jiran katin ƙarshe, ya san amsar.

Mai karatu zai iya tambaya: to dilar gwanjo fa, wadda ake saye a ɗaure a Ƙofar Wambai da sauran kasuwanninmu? Tambaya ce mai kyau, kuma mazhabarmu tana da babi kusa da ita. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya halatta sayar da dila a ɗaure bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki, adadinsa da nau'insa da siffarsa, cinikin kuma ya zama tilas idan kayan suka dace da abin da aka siffanta. Imamu Shafi'i bai yarda da hakan ba. Uzurin da Malikiyya suka duba shi ne wahalar kwance kowace dila da lalacewar kaya. Mai sayen dila yana neman kayan da aka siffanta masa ne, ya fi son a ce duk iri ɗaya suke, kuma da za a iya nuna masa ciki ba tare da asara ba da ya fi murna. Shi kuwa fakiti, ranar da aka mai da ledarsa mai nuna ciki, ranar kasuwarsa za ta mutu, domin kowa zai zaɓi mai tsada ya bar sauran. Wannan shi ne bambancin garari da ya biyo kaya da garari da ya zama shi ne kayan.

Ko ya kai caca?

An kai wannan tambaya kotu a Amurka. Wasu masu saye da iyayen yara sun yi ƙarar kamfanonin katuna, suna cewa ɓoye katuna masu tsada cikin fakiti caca ce. A 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta kori ƙarar, bisa cewa ba su nuna asarar dukiya ba, tunda sun samu abin da suka biya: katuna, da kuma damar dacewa da mai tsada. Wannan hukunci ya kuɓutar da kamfanonin, amma ga mai duba da idon fiƙihu ya tabbatar da abin da ake tuhuma, domin ya yarda cewa wani ɓangare na kuɗin sa'a aka saya da shi. Sa'a kuwa ba kaya ba ce da Shari'a ta yarda a sa mata farashi.

Allah Ya ambaci caca tare da giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, Ya bayyana cewa Shaiɗan yana bi ta cikinsu ya jefa gaba tsakanin mutane, ya kange su daga ambaton Allah da salla. Siffar caca a wurin malamai ita ce mutum ya ba da dukiya tabbas, a kan abin da zai iya dawo masa da riba ko asara, kuma sa'a ce ke yanke hukunci. Wanda ya sayi fakitin masu tarawa yana farautar kati mai lamba don ya sayar, ba mu ga abin da ya raba shi da mai yankar tikitin reful ba, illa 'yan katunan da aka ba shi na rage zafi. Wallafa alƙaluman dama a bayan akwati bai canja komai ba, masu reful ma suna wallafa nasu.

Akwai wata hanyar wasa da ta fi wannan sauƙi. Mutum takwas sukan zauna kowa da fakiti uku, kowa ya buɗe ya zaɓi kati ɗaya ya miƙa saura ga na kusa da shi, har kowa ya haɗa dami a take. A nan abin nufi gwada basira ne da abin da ya zo hannu, ba farautar mai tsada ba, kuma muna ganin wannan wuri ne da malamai za su iya saɓawa. Amma ko a nan akwai mafita da 'yan wasan da kansu suka ƙirƙiro: su tara katunan da suka riga suka mallaka, su cakuɗa su kasa su kamar fakiti, in an gama kowa ya mayar. Cakuɗawar tana nan, ciniki a kan duhu ya fita.

Sunaye da hotuna

Yanzu mu dawo kan abin da ido ke fara gani. Wasan yana ɗaukar ɗan wasa a matsayin mai sihiri, katunan da yake jefawa kuma ana kiran su da sunan tsafi. Gaskiya ne babu wani sihiri da ake yi, lissafi ne da dabara. Amma akwai abubuwan da Musulmi ba zai wuce su da murmushi ba. A Theros da Amonkhet akwai katunan da nau'insu shi ne “abin bauta”. Akwai mala'iku da aka zana da siffar mata masu fukafukai, abin da Alƙur'ani ya yi wa mushrikai raddi a kansa. A Arabian Nights akwai kati mai suna King Suleiman, wanda aikinsa halaka aljanu da ifritai, kuma kowa ya san daga inda aka ɗauko wannan. Akwai Army of Allah, mai ɗauke da sunan Ubangiji, wanda idan an gama amfani da shi ake jefa shi wurin da dokar wasan ke kira maƙabarta. Irin waɗannan ba kayan wasa ba ne a hannun mai imani, ko kyauta aka ba shi.

Kamfanin yakan saurari koke idan ya shafi hoto ko suna. A 1995 ya goge wata alamar tsafi daga zanen wani kati, ya kuma daina buga sababbin shaiɗanu na wasu shekaru, don gudun fushin iyaye a Amurka. A watan Yunin 2020, lokacin zanga-zangar ƙin wariyar launin fata, ya haramta katuna bakwai a duk gasanninsa ya cire hotunansu daga rumbunsa na intanet, ciki har da Jihad da Crusade. Army of Allah da King Suleiman ba sa cikin bakwai ɗin. Idan muka jera abubuwan da ya yarda ya bari, wato ajiye kati a ci, da alamar tsafi, da sunan jihadi, za mu ga abu ɗaya ne bai taɓa saki ba tun 1993: rufaffen fakiti. Abin da ɗan kasuwa ya ƙi saki, a nan ribarsa take.

Abin da ya shafe mu

Katunan Magic ba su cika kasuwanninmu ba, duk da cewa 'yan'uwanmu da ke renon 'ya'ya a Ingila da Amurka da ƙasashen Larabawa suna cin karo da su da ƙannensu. Wizards ne ya buga katunan Pokémon na Turanci daga 1999 zuwa 2003, kuma a 2001 kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya haramta Pokémon, caca tana cikin dalilan da ya kawo. Abin da ya iso gidajenmu shi ne dabarar, ba takardar ba. Akwatunan sa'a da ke cikin wasannin ƙwallo da na harbi a wayoyin samarinmu, inda yaro ke biyan kuɗi ya buɗe ko zai dace da shahararren ɗan wasa ko wata bindiga ta musamman, fakitin nan ne aka cire masa leda. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna da ake saya da kuɗi caca ne a dokar ƙasar, har kamfanin wasan FIFA ya daina sayar da makin da ake buɗe su da shi a can a farkon 2019.

Saboda haka nasiharmu ga iyaye da malaman makarantu ita ce su ƙara tambaya ɗaya a kan wadda suka saba. Bayan “me aka zana a jiki?”, su tambayi yaro: lokacin da ka biya, ka san abin da za a ba ka? Idan ya sani, ciniki ne, sai a duba abin da ke cikin kayan, da lokacin da yake ci, da ko yana hana salla da karatu, da ko kuɗin ya kai almubazzaranci. Idan bai sani ba, kuma rashin sanin shi ne daɗin abin, to yaron yana koyon ɗanɗanon caca tun kafin ya san sunanta, kuma shagon cacar ƙwallo da ke bakin layi yana jiran ya girma.

Ga 'yan kasuwarmu kuma, wannan dabara tana da saurin yaɗuwa domin tana kawo ciniki: kwali a rufe, farashi ɗaya, “ka gwada sa'arka”. Duk wanda ya ga tana aiki a wurin wasu ya tuna cewa albarkar ciniki, kamar yadda ya tabbata a hadisin Bukhari da Muslim, an rataya ta ne ga gaskiya da bayyana kaya. Wanda yake da kaya mai kyau ya buɗe shi a gani.

Allah Ya tsarkake mana abin da muke ci da abin da muke ciyar da iyalanmu, Ya kare zuriyarmu daga caca da duk ƙofofinta. Allah ne Mafi sani.